Faifan Baffa da Kwamfutar da Ba Ta Jin Harshensa

Bayan rasuwar Baffana da wata bakwai, matarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ta aiko a kira ni. Na tashi daga wurin aiki na hau zemijan na nufi Zongo, na same ta a tsakar gida, ga wata tsohuwar adaka a gabanta. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, almajiran Malam sun hana ni sakat. Wai akwai karatun da ya ajiye a cikin na'urar nan, kuma wai kai ka rubuta masa. In ka san yadda ake fito da shi, ka fito musu da abinsu. Ni ban san kansa ba." Na ce, "To Inna, in Allah ya yarda mako guda ya isa." Wata uku cur na yi ina fama.

A cikin adakar akwai gafaka biyu na takardun kakanmu, da carbi, da wani faifan CD cikin fasasshen gidansa na roba. A ƙarƙashin gadon marigayi kuma ga tsohuwar kwamfuta, ƙura ta rufe ta, an jona mata wuta ko motsi ba ta yi ba. Ni kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta tafi-da-gidanka ce, babu ma ramin sa faifai a jikinta, sannan Ubuntu ce a kanta, wato wani reshe na Linux. Faifan Baffa kuwa an rubuta a bayan gidansa ƙarara cewa na Windows 95 da 98 ne. Bai yi wa kowa ƙarya ba. Zamani ne ya tafi ya bar shi.

Kafin in ci gaba bari in yi bayanin da nake yi wa masu sauraro idan zancen kwamfuta ya taso a shirina. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke riƙe da ita, wadda nake kira uwar manhaja: ko Windows, ko ta kamfanin Apple, ko Linux. Mu 'yan Zongo ba ma buƙatar dogon sharhi a nan, domin mun san maigida. Fatake in sun taho daga Arewa da shanu ko kaya, kowa yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, shi zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da mai saye, ya yi masa tafinta. To uwar manhaja ita ce maigida, sauran manhajoji baƙinta ne. Manhajar da aka rubuta don Windows ta saba da yadda ake roƙon ruwa da wuta a gidan Windows ne kawai. In ka kai ta gidan Linux za ta yi ta magana, babu mai amsa mata.

Yadda aka yi ilimin duniya ya zama irin wannan baƙo shi ne tarihin da nake son bayarwa, domin mu da muka taso a farkon shekarun 2000 mun rayu a tsakiyarsa ba mu lura ba.

Kundin ilimi, wanda Larabawa ke kira mausu'a, abu ne mai nauyi tun asalinsa. Britannica ta fara fita a birnin Edinbara a 1768, ta yi ta girma har ta kai juzu'i 32, kuɗinta sama da dala dubu. Gidan da ke da ita a Lome, in ba ɗakin karatu ba, sai dai na wani babban ma'aikaci. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Sony da Philips suka fito da hanyar zuba bayanan kwamfuta a kan irin faifan da suka ƙera don kiɗa. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabayit 650, a lokacin da rumbun kwamfutar ofis da yawa bai wuce 20 ba. Masu buga kundin ilimi ne suka fara ganin amfanin abin. A 1985 kamfanin Grolier na Amurka ya sa kundinsa mai juzu'i ashirin da ɗoriya a faifai guda, rubutu zalla. A 1989 Compton's ta zo da nata mai hotuna da sauti. Sai 1993, Microsoft ta fito da Encarta.

Labarin Encarta yana da ban dariya ta wani ɓangaren. Microsoft ta fara neman Britannica ne, Britannica ta ƙi, tana ganin faifai zai karya darajar littattafanta. Sai ta koma ga Funk & Wagnalls, wani kundi mai arha da ake sayarwa juzu'i-juzu'i a manyan kantunan cefane na Amurka, ta gyara shi ta ƙawata shi da hotuna da taswira da muryoyi. An fara sa masa kuɗi dala 395, kasuwa ta ƙi, aka dawo da shi 99, nan take ya kama. Cinikin Britannica ya faɗi warwas, har aka sayar da kamfanin a 1996. Wadda aka raina ita ta ci kasuwar.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ƙashin bayan zancen. Yadda ake jera fayil-fayil a kan faifai abu ne da duniya ta yi yarjejeniya a kansa tun 1988, ƙa'idar da ake kira ISO 9660. Shi ya sa in ka sa faifan Encarta ko na Baffa a kowace irin kwamfuta za ta nuna maka sunayen abubuwan da ke ciki, har da girmansu. Amma cikin fayil ɗin fa? Nan kowane kamfani ya yi gaban kansa. An matse rubutun don ya shiga, an yi masa fihirisa don bincike ya yi sauri, wasu kuma sun ƙara kulle don kada a kwafa. Mabuɗin duka yana jikin 'yar manhajar da ta zo tare da faifan, ita kuma ba ta sauka sai a gidan maigida ɗaya. Wato kana ganin buhunan hatsinka a jere a rumbu, an ɗinke bakinsu da zaren da kai ba ka da abin warware shi.

Mu dai a lokacin ba mu san da wannan ba. Intanet ta shigo Togo a 1997, amma shekaru bayan haka tana da tsada, ga jinkiri, shafi ɗaya sai ka sha ruwa ka dawo bai gama buɗewa ba. Saboda haka abin da ya yi mana aikin intanet a zahiri shi ne Encarta ta Faransanci, wadda kusan kowane shagon kwamfuta ya sa a kan na'urorinsa na gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Ba zan ɓoye ba, mafi yawan faya-fayan da suka zo hannunmu kwafi ne, an rubuta sunan da alƙalamin maka. In malamin lakwal ya ba mu aikin da za mu gabatar a gaban aji, sai mu haɗa kuɗi mu huɗu mu sayi awa ɗaya, ɗaya yana karantawa uku suna kwafa a littafi. In lokaci ya rage mu juya ƙwallon duniya da linzami, ko mu saurari taken ƙasashe ɗaya bayan ɗaya har mai shago ya kore mu. Na tabbata son aikin rediyo ya fara shiga raina ne a wannan kujera, ina jin muryoyin mutanen da suka daɗe da mutuwa suna fitowa daga 'yar lasifika.

Wancan na 'yan boko ne. Malamanmu na zaure su ma zamani bai bar su a baya ba, ko da yake ba a cika ba da nasu labarin ba. Tun a shekarun 1990 kamfanin Sakhr, sannan Harf a Masar, suka sa littattafan hadisi tara a faifai: Buhari, Muslim, Abu Dawuda, Tirmizi, Nasa'i, Ibn Majah, Muwaɗɗa, Musnadin Ahmad da Darimi. Hadisin da malami zai kwana uku yana laluben inda yake, sai ya fito cikin ƙiftawar ido. Wasu kamfanoni manya da ƙanana suka bi sahu, alhazai suka riƙa dawowa da faya-fayan a cikin tsarabarsu tare da dabino da zamzam. Daga baya, a 2005, Maktabatus Shamila ta bayyana kyauta, ta mamaye ko'ina daga Kano har Kumasi.

Faifan Baffa na wani ƙaramin kamfani ne da yanzu ko alamarsa babu. Ya haɗa tafsiri da hadisi da wasu littattafan fiƙihun Malikiyya. Ya zo da shi daga Hajji, babban ɗansa ya sayo masa kwamfuta ta gwanjo aka sa mata Windows 98 mai Larabci, aka manna wa madannai haruffan Larabci na takarda. Baffa bai taɓa sa yatsansa a kanta ba har ya koma ga Allah. Ni ne hannunsa. Bayan sallar isha'i zai ce, "Yaro, kunna mana akwatin nan." Manhajar tana da wurin da mai karatu zai rubuta nasa ta'aliƙi a ƙarƙashin kowane hadisi ko mas'ala, kamar yadda malamai ke yi a gefen takarda. Sai ya jingina da bango ya lumshe ido yana faɗa ina bugawa. Yawanci da Larabci, amma in magana ta yi daɗi sai ya zarce da Hausa: wane malami ya karantar da shi wannan babi, a zauren wa, shi kuma a wurin wa ya ɗauka. Shekara huɗu muna haka, ina ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha takwas, rabin hankalina yana wurin ƙwallon da ake bugawa a waje.

Sai da na girma na gane abin da nake bugawa. Tsohon Zongo yana tsakiyar birni ne, wajen da manyan gine-ginen bankuna suke a yau. A watan Oktoba na 1977 hukuma ta tashe unguwar, aka rushe ta, aka mayar da mutanenta nan arewacin gari, kusan kilomita 15 daga inda suke. Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zongon Lome wanda ya fito a 1983, kuma har yau duk mai son sanin yadda harkar maigida da baƙonsa take a wancan zamani yana komawa gare shi. Amma zaurukan karatu, da wa ke zaune kusa da wa, da wane malami ya zo daga ina, wannan yana cikin kawunan irin su Baffa ne, waɗanda suke samari lokacin da aka yi tashin. Shi ya zuba nasa a gefen hadisai, cikin akwatin da ya ɗauka ya fi takarda aminci.

Yayin da muke wannan zama, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin faifai ba mu sani ba. Wikipedia ta fara a watan Janairun 2001. A watan Maris na 2009 Microsoft ta ba da sanarwar daina Encarta, a ƙarshen Oktoban shekarar aka rufe shafinta na intanet, in ban da na Japan da ya kai ƙarshen Disamba. A 2012 Britannica ta ce ta daina buga littattafanta a takarda. A watan Afrilun 2014 aka daina kula da Windows XP, wadda ita ce gidan ƙarshe da yawancin waɗannan faya-fayai suka zauna lafiya a cikinsa. Masu ƙera kwamfuta kuma suka riƙa cire ramin faifai don na'ura ta yi sirara. Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar 'yan Linux ce kawai. Windows ta yau mai bit 64 ba ta buɗe tsofaffin manhajoji masu bit 16, irin na farkon shekarun 1990. Wato ko a gidan maigidan nasa, jikoki sun gaji gidan, ba su san baƙon kakansu ba.

Ba mu kaɗai abin ya ci ba, kuma wannan ya ɗan sanyaya mini rai lokacin da na karanta. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa aka rubuta a fata, littafin da ake kira Domesday. Da ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta shirya sabon irinsa na zamani. Mutane kusan miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta labarin garuruwansu suka ɗauki hotuna, aka zuba a kan wasu manyan faya-fayai biyu na leza da ba sa karantuwa sai da wata kwamfuta da na'ura na musamman. Kafin shekara 16 na'urorin sun kusa ƙarewa a duniya. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka haɗu, a 2002, suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, sannan aka sake ganin abin da ke ciki. Na fatar kuwa yana nan a gidan adana takardun tarihi na Kew a Landan, duk wanda ya iya Latin zai karanta.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na kusa da gida. W.E.B. Du Bois, baƙar fatar Amurka, ya yi shekaru fiye da hamsin yana burin a haɗa kundin ilimi na Afirka da 'ya'yanta. A 1961 ya taho Akara bisa gayyatar Kwame Nkrumah don ya fara aikin, ya rasu a can a watan Agustan 1963 yana da shekara 95. Daga Aflao zuwa kabarinsa tafiyar 'yan awoyi ce a mota. A 1999 Henry Louis Gates da Kwame Anthony Appiah suka fito da Encarta Africana a kan faifai, suna cewa wannan buri suke son cikawa. Rubutun ya tsira, domin an buga shi a littafi a shekarar, aka sake faɗaɗa shi zuwa juzu'i biyar a 2005. Amma muryoyi da bidiyo da kiɗan da suka sa faifan ya zama abin da yake, waɗannan sai mai tsohuwar kwamfuta, ko mai haƙurin yin irin abin da zan faɗa yanzu.

Na fara da zuwa Dekon, inda duk wani abin waya da kwamfuta yake a Lome. A can na samu na'urar karanta faifai ta waje, da wata igiya mai haɗa tsohon rumbun kwamfuta da sabuwa. Mai shagon wani matashi ne ɗan ƙabilar Ewe, da ya ji labarin sai ya ajiye abin da yake yi. Shawarar farko da ya ba ni ita ce ta fi kowace amfani. Ya ce kada in yi wasa da faifan ko rumbun, in fara ɗaukar hoton kowannensu gaba ɗaya, wato kwafi na ƙwaya-ƙwaya a fayil guda, in mayar da na asali cikin adaka. Faifan ya karce a wurare biyu, sai da manhajar ceto ta kwana tana maimaita karatu kafin ta haɗa shi. Rumbun kuwa ya yi wata ƙara kamar ana taunar tsakuwa, amma ya ba da abin da ke cikinsa. Ban sake jin ya juya ba tun daga ranar.

Daga nan na gwada Wine. Wannan manhaja ce da 'yan sa-kai suka fara tun 1993, ba ta kai ga fitowar da suka kira ta farko cikakkiya ba sai 2008, shekara 15 ke nan. Aikinta tafinta: manhajar Windows ta yi roƙo, Wine ta juya shi zuwa abin da Linux ke ji. Manhajar Baffa ta shiga, ta buɗe, amma duk inda Larabci yake sai alamar tambaya a jere kamar tururuwa. Na gaya wa Wine ta ɗauka a ƙasar Larabawa take, na zuba mata haruffa, rubutu ya fito. Na yi murna har na kira Inna a waya. Da na taɓa wurin bincike sai komai ya rufe. Na sake, ya sake. Tafinta ya iya gaisuwa da ciniki, amma da aka shiga zance mai zurfi ya yi shiru.

Hanya ta biyu ita ce irin ta mutanen Leeds. Akwai manhajoji, irin su VirtualBox, da ke gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske. Maimakon ka nema wa baƙo tafinta, sai ka gina masa ɗaki irin na tsohon maigidansa a cikin gidanka. Na ɗora hoton rumbun Baffa a ciki, na yi kwana huɗu ina lallashinsa, domin Windows 98 ta farka ta ga duk kayan jikinta sun canza tana ta tambaya. A dare na biyar ta tashi, launinta a dushe. Ga hoton Masallacin Madina da na sa a fuskarta da hannuna ina yaro. Na sa hoton faifan, na buɗe babin farko, na taɓa wurin ta'aliƙi. Maganar Baffa ta fito, da kurakuran bugu na a ciki. Na daɗe a zaune ban taɓa komai ba.

Sai dai gani ba samu ba ne. Manhajar ba ta da hanyar fitar da ta'aliƙan a dunƙule, ba ta ma nuna inda suke. Sai ka bi hadisai dubbai ɗaya-ɗaya kana leƙawa. Nan matashin Dekon ya sake shigowa. Ya ce tunda faifai ba a rubutu a kansa, dole abin da na buga yana wani fayil a rumbu. Muka bi ranakun fayil-fayil muka same shi, ɗan ƙarami, da wani suna marar ma'ana. Ashe rumbun bayanai ne irin na Access aka canza masa suna, dabarar da tsohuwar Shamila ma ta yi da littattafanta masu ƙarewa da bok. A Linux akwai 'yan kayan aiki da ake kira mdbtools masu buɗe irinsa. Muka buɗe, layin farko ya fito haka: ÇáÍãÏ ááå.

Ya dube ni na dube shi. Amma wannan ciwon sananne ne. Kafin Unicode ta game duniya, kowane yanki yana da nasa jadawalin haruffa mai gurbi 256, kuma lamba ɗaya tana iya zama harafin Larabci a wannan jadawali, ta zama na Faransanci a wancan. An rubuta fayil ɗin da jadawalin Larabci na Windows mai lamba 1256, mu kuma muna karanta shi da na Turawan Yamma. Umarni guda ya juya shi. Waccan tarkacen ashe Alhamdu lillahi ce. A daren na ajiye duka a matsayin rubutu tsura, wanda kowace waya da kowace kwamfuta za ta buɗe, na tura wa mutum biyar.

Abin da ya cinye sauran wata biyun shi ne kowane ta'aliƙi lamba kawai yake ɗauke da ita, lambar da kamfanin ya ba hadisin a cikin faifansa, wadda ba ta dace da ta littattafan da aka buga ba. Rubutun faifan kansa kuma a kulle yake, mun yi iya yinmu bai buɗu ba. Dole na riƙa komawa kwamfutar ƙarya, in nemo lamba, in karanta farkon hadisin, in nemo shi a bugaggen littafi, in rubuta juzu'i da shafi. Ta'aliƙi ɗari shida da 'yan kai. Buhari da Muwaɗɗa ba su taɓa shiga haɗari ba, suna ko'ina. Abin da ya kusa salwanta shi ne ɗan abin da babu shi a wani wuri sai nan, kuma shi ne aka rataya a jikin lambobin wani kamfani da ya mutu.

Ina ganin waɗanda suka zo daga baya sun koyi darasi. Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007 don a karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, tana ajiye rubutu a wani tsari da aka bayyana wa kowa yadda yake, saboda haka kowa na iya rubuta manhajar buɗe shi a kan kowace uwar manhaja. Amma ba na son in yi saurin cewa an gama da matsalar. Yawancin abin da muke karantawa yau ba ya hannunmu ko kaɗan, yana kan na'urar wani a wata ƙasa. Faifan Baffa aƙalla na same shi a adaka.

Kuma ba na cikin masu cewa takarda ita ce magani. Da na gama da kwamfuta Inna ta turo mini gafakan nan biyu ta ce in duba su ma. Wasiƙu ne da lissafin fatauci da addu'o'i na kakanmu, da ajami, sun tsallake tashin 1977 a kan wani. Tawadar tana nan raɗau. Na kasa karanta fiye da rabi, ni da na yi allo na kuma yi diploma. A wannan ƙasa tamu, lokacin tana hannun Jamus, Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanin ƙasar Hausa da ajami, sana'o'inta da tarihinta da zamantakewarta, abin da in an ce kundin ilimi ne ba a yi ƙarya ba. Yau yawancin masu sanin abin da ya rubuta ta hanyar fassarar Ingilishi ko juyin boko suka san shi. Takarda ma tana da maigidan da take sauka a wurinsa, shi ne mutumin da aka koya wa karanta ta, kuma irinsu suna raguwa a Zongo duk shekara.

Na kai wa almajiran Baffa aikin a buge a takarda, na kuma sa musu a wayoyinsu. Babbansu, dattijo ne da ya girme ni da shekara talatin, ya ce in zauna mu bi wuraren Hausar tare, domin nan ne gizo ke saƙar. Madannan da na yi amfani da su na Larabci ne tsantsa, ga ƙuruciya ga gaggawa, saboda haka na buga Hausar babu wasali ko ɗaya. Yawanci ma'ana tana fitar da kanta. Amma a ƙarƙashin wani hadisi na babin tsarki Baffa ya ambaci malamin da ya fara karantar da shi Risala a tsohon Zongo, ya ce mutumin wani gari ne, ni kuma na buga kaf da ra da alif. Dattijon ya ce Kura ce, ta kusa da Kano, domin ya taɓa jin an ce malamin Bakano ne. Wani a gefe ya ce a'a, Kara ce, ta arewacin Togo, can iyalinsa suka koma bayan tashin. Suka juyo gare ni, tunda ni na ji daga bakinsa. Na rufe ido na nemi muryar Baffa a daren, ban samu komai ba sai ihun 'yan ƙwallo a waje.

Mun bar wurin da haruffansa uku yadda suke. Inna ta ce akwai wata tsohuwa a bayan masallacin Juma'a da ta yi aure a gidan malamin, in ana so a tambaye ta a je da safe, kafin rana ta yi zafi hankalinta ya gushe. Ranar Asabar za mu je.